Saƙon da Hajiya Ta Kai Min Garin Jamusawa

Kwanakin baya wata 'yar ƙanwata ta kishingiɗa a falona, ta yi odar jakunkuna daga Sin ta waya, ko mayafi ba ta yafa ba. Ta ce min nan da 'yan makonni kaya za su iso Kano. Na ce Allah ya sa albarka, amma abin ya tsaya min a rai har yamma. Na tuna zamanin da in kana son jaka daga Sin sai ka kai ƙafarka can, ka sha zafi da turereniya, ka yi ciniki da hannu da kalkuleta. Ban ce wancan zamanin ya fi ba, wahalarsa ta ishi kowa. Sai dai mutanen nan masu ɗaukar ƙafa su je, su suka riƙe ni lokacin da nake ɗaliba a Guangzhou, kuma a cikinsu akwai wadda har in koma ga Allah ba zan gama gode mata ba.

Karatun magudanan ruwa ne ya kai ni. Dangi sun sha dariya, wai mutum ya haye teku don ya koyo gyaran kwata. Inna, mahaifiyata, ita kaɗai ce ba ta dara ba. Ta ce duk wanda ya ga yadda ruwa ke shigar mata ɗaki a Fagge kowace damina ba zai raina mai gyaran kwata ba. Da wannan maganar na tafi, ina budurwa mai rawar kai, ina ganin na san komai.

In na rufe ido yau, abin da nake fara ji daga Guangzhou ƙarar salatif ce, ana ja ana naɗe kwalaye tun hantsi har la'asar. Sai masu tura kaya a kura suna ihun a ba su hanya, da 'yan matan kanti suna kiran kowane baƙin mutum lauban, wato maigida, ko da bai da ko sisi a aljihu. In ka nemi abin da babu a ce maka meyo, a kaɗa hannu. Ranar Asabar nakan fito daga jirgin ƙarƙashin ƙasa in taka zuwa manyan kantunan tufafi na titin Guangyuan, in yi wa mutanenmu tafinta. A tsakiyar Sinanci sai ka ji Hausar Kano, ka ji ta Maraɗi da Faransanci a bakinta, ka ji ta zangon Kumasi, kowa yana dariyar ta ɗan'uwansa. Ladana kuwa kilishi ne da kuka da daddawa da yaji, abin da kowa ya ɓoyo a ƙasan akwatinsa. A lokacin ban ga abin da ya fi su daraja a duk faɗin Sin ba.

A cikin masu zuwa akwai Hajiya, mutuniyar Maraɗi, ƙawar Inna tun ina goye. Da can atamfa take sara a Kwari, kuma duk zuwanta Kano a ɗakin Inna take sauka, su raba tabarma su yi ta hira. Daga baya ta koma sarin jakunkuna a Shiling, garin da ake ɗinka su, ta kama ɗaki tare da wasu mata a unguwar Panyu ta Guangzhou saboda can haya ta fi sauƙi. Gajera ce mai jiki, da haƙorin Makka, ga faɗa ga kyauta. Sinancinta bai wuce gaisuwa da godiya da meyo ba, amma ban taɓa ganin wanda ya cuce ta a ciniki ba. Injiniyar kwata take kirana. In na je wurinta ranar Lahadi sai ta rufe tagogi ruf kafin ta jefa daddawa a miya, don maƙwabta sun taɓa ƙwanƙwasa ƙofa suna tambayar ko wani abu ne ya mutu a gidan. Ni ce mai tuƙa tuwon, ita ce mai kushe shi, sannan ta cinye ta nemi ƙari.

Kowace Juma'a nakan kira gida. A zamanin ba a yi wannan kiran da ake ganin fuska ba. Kati kake saye, ka kankare bayansa, ka danna lambobi masu tsawo kamar layin awo, ka yi ta addu'a ya shiga. Bayan la'asar nake kira, lokacin hantsi ne a Kano. Waya ɗaya ce a gidanmu, duk wanda ya fi kusa shi ke ɗauka ya ruga ya kai wa Inna. Tambayoyinta ba sa canjawa: kin ci abinci, ana ruwa a can, kina ganin Hajiya. Ba ta taɓa tsallake Juma'a ba, ni ma haka.

Shekarar da Sin ta karɓi gasar Olamfik, garin ya canja mana. Biza ta yi wuya, ana yawan tare baƙi a duba takardu, 'yan kasuwa da dama suka koma gida, wasu kantunan suka yi shiru. Hajiya ma ta kai fasfonta ofis tana neman ƙarin kwanaki, aka ba ta 'yar takardar shaida ta riƙe. A daminar nan ne makarantarmu ta kwashe mu zuwa arewa, wani gari a bakin teku mai suna Qingdao, mu yi makonni muna nazarin tsofaffin magudanansa. Malaminmu ya ce Jamusawa ne suka gina tsohon garin a zamanin da suka riƙe wurin, suka tafi suka bar shi.

Ban taɓa zuwa Turai ba a lokacin, don haka da muka isa sai na saki baki kamar baƙauyiya. Gidaje ne na dutse masu jan rufi, an jera su a jikin tudu, tituna suna hawa suna sauka suna lanƙwasa, an shimfiɗe wasu da ƙananan duwatsu da ƙafafu suka goge har suna sheƙi. Ga itatuwa masu inuwa, ga iska mai sanyi daga teku, bayan mun baro Guangzhou inda ko wanka ka yi kafin ka sa riga ka jiƙe. A kan tudu akwai coci mai hasumiya biyu, akwai tsohon gidan gwamnan Jamusawa mai katanga kamar ba za ta taɓa faɗuwa ba. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne ka leƙa tagar gidan da ka rantse na Bature ne, sai ka ga tsohuwa 'yar Sin ta shanya kifi da wandunan jikokinta. A shekarar wata koriyar ciyawa ta rufe bakin tekun, ga shi a nan za a yi tseren jiragen ruwa na gasar, sai mutanen gari suka fito gayya, maza da mata, suna kwasa da hannu suna cika buhuna. Ni kuwa ina bin murafen kwata ina ɗaukar su hoto, ina shirya yadda zan ba Inna labarin magudanar da ta girmi kakanta kuma har yau tana aiki.

Ina cikin wannan murna, ban sani ba, Allah ya yi wa Inna rasuwa a Kano, har an kai ta makwancinta.

Baba bai kira ni ba, Hajiya ya kira. Daga baya ya gaya min abin da ya ce mata: yarinyar nan tana wani gari inda ba ta da kowa, ko mai ce mata sannu da Hausa babu, ba na so ta ji ta waya. Kuma ranar Juma'a za ta kira, duk wanda ya ɗauka ba zai iya ɓoye mata ba. Hajiya ta ce masa ya bar mata. A wurin mutanenmu na da, labarin mutuwa kaya ne mai nauyi, ba a jefa wa mutum shi daga nesa. Babba ake samu ya taka ya je, ya zauna, ya ga ka ci abinci, ya duba inda za ka faɗi in ƙafarka ta gaza. Yau kuwa kana layin banki ko kana tuƙi, ka buɗe waya, sai ka ga hoton ɗan'uwanka da addu'a a ƙasa, wani yaro ya riga kowa sakawa don a ce shi ya fara ji. Na ga mace ta yanke jiki a kasuwa saboda haka. Wannan abu yana ba ni haushi, kuma ba na jin zan saba da shi.

Hajiya ta kira ni da murya garau, har da tsokana. "Injiniyar kwata, ina kunka sauka? An ce min akwai masu ɗinkin jaka a garin nan naku, ina so in zo in gani. Ba mai masaukin waya, ga lauban zai yi magana da shi." Ban kawo komai a raina ba, don na san 'yan kasuwa, in an ce musu akwai kaya a bayan duniya za su je. Mai masana'antar da take saye a wurinsa a Shiling ya rubuta mata sunan masaukinmu da Sinanci a jikin yankin kwali. Jirgin sama ba ya ɗaukar mutum ba fasfo, don haka jirgin ƙasa ta hau, kuma gado ya ƙare, kujera ta samu. Kwana da yini tana zaune, ita kaɗai, a lokacin da ake tare baƙi a kowace tasha, ba ta da abin nunawa sai 'yar takardar ofis da guntun kwali.

Da safiyar Juma'a ta iso. Na ruga na rungume ta, na ji tana warin jirgi da man zafi. Ta riƙe fuskata ta dube ni, ta ce na rame. Ta kwance ƙullin dambun nama ta tsare ni sai da na ci, ta dama kunu da ruwan zafin masauki ta sa na shanye. Na ce ta kwanta ta huta, ta ce ba barci ya kawo ta ba. Na ce to mu je neman masu jakar, ta ce jaka ba ta gudu.

"Yaushe rabonki da Inna?" ta tambaye ni.

"Juma'ar da ta wuce. Ta ce ɗan zazzaɓi ne, ta sha magani."

"Kin san jikin manya, ɗiyata. Zazzaɓi a wurinsu ba ƙaramin abu ba ne."

"Ai Inna ta fi ni ƙarfi," na ce, ina neman takalmina. "Tashi, Hajiya, yau sai kin ga Jamus ba biza."

Ta dube ni ina ɗaura ɗankwali ina waƙa. Ta ce to mu je.

Na ja baiwar Allah nan tudu da gangare. Na nuna mata gidan gwamna, ta ce mutum ɗaya da ɗakuna haka, wa ke share masa. A filin gaban coci muka tarar da amare cikin fararen riguna ana ɗaukar su hoto, kowace ta tattare rigar, ga silifas a ƙasa. Hajiya ta tsaya tana duban jakar wata, ta ce ɗinkin Shiling ne, ta san mai yin ta. Na durƙusa na nuna mata wani tsohon murfin kwata, ina zuba bayani kamar ni na ƙera shi, ta ce Allah ya shirye ni. Muka ci taliya a shagon wasu Musulmin Sin masu fararen huluna, ta tura min naman kwanonta duka. Muka koma masauki muka yi azahar, ta daɗe a sujada, na ɗauka gajiya ce. Ta ce mu zauna a ɗaki haka nan, na ce saura wuri ɗaya, inda ake hango rufin garin gaba ɗaya da teku. Sau biyu a hanya ta ce, "Ɗiyata, tsaya," in na juyo sai ta ce numfashi take mayarwa. Na yi ta yi mata dariya, ina cewa tuwon Panyu ne ya yi mata yawa.

A kan tudun akwai matakalar dutse a ƙarƙashin wata bishiya. Daga nan jajayen rufin nan suke gangarawa har bakin ruwa, can ƙasa masu kwasar ciyawa kamar tururuwa. Na duba agogo na ga lokaci ya yi. Na zaro katina na fara kankarewa.

"Yau Inna za ta sha mamaki," na ce. "Ke zan fara ba wa, ta ji muryarki daga garin Jamusawa."

"Kawo wayar nan."

Na miƙa mata, ina zaton ita za ta danna. Sai ta jefa ta a jakarta ta ja zif. Ta zauna a kan matakalar, ta kama hannuna ta zaunar da ni a jikinta, ta zagaye ni da hannu ɗaya ta riƙe gam.

"Ɗiyata, wa ya ba mu Inna?"

Na ɗago kai na dube ta.

"Ina tambayarki. Wa ya ba mu ita?"

"Allah," na ce.

"To, shi ya karɓi abinsa. Tun ran Talata. An yi mata sutura, an kai ta, jama'a sun taru ƙwarai. Ki ce innalillahi."

Na faɗa, ta sa na maimaita, na maimaita. Na yunƙura zan tashi, ban san inda za ni ba, hannun nan ya hana ni. Ban san ƙarfin da ke jikin gajeriyar matar nan ba sai ranar. Na yi kuka irin wanda ban taɓa yi ba, na jiƙa mata mayafi, mutane suna wucewa suna kallonmu, ita ko a jikinta. Ba ta ce in yi shiru ba. Bayana kawai take bubbugawa tana karanta abin da ya sawwaƙa, idonta a bushe.

Da na ɗan lafa sai tambayoyi suka taso, kuma babu wadda ba ta da amsarta. Da wane lokaci ne, wa ke wurinta, ta sha wahala, ta yi kalmar shahada, wa ya yi mata wanka, ta ambace ni. Ashe duk ta tsare Baba ta tambaye shi ɗaya bayan ɗaya tun ranar, don ta san zan nema. Ta ce Inna ta ambace ni, ta ce a gaya min ta yafe min duniya da lahira. Sai da ta ga numfashina ya daidaita sannan ta fito da wayar, ta sa na karanto mata lambobin katin, ta danna da kanta. Da Baba ya ɗauka ta ce, "Malam, na hwaɗa mata. Ga ta nan a hannuna." Sannan ta kara min a kunne.

Tun daga ranar ban ƙara son ganin jan rufi ba na tsawon shekaru. Yanzu kam na huce. In aka ambaci garin nan, nakan ce wuri ne mai kyau, kuma gaskiya na faɗa. Na je Jamus ta ainihi daga baya wurin wani taro, na ga garuruwan da suka fi shi tsufa da tsari, amma ba wanda ya zauna min kamar wancan.

Malaminmu ya ba ni izini, washegari muka kamo hanyar kudu. A jirgin ne na ga abin da Hajiya ta sha. Kujera ce miƙaƙƙiya, ba inda za ka jingina kai, mutane cike har a hanya, wasu a zaune kan buhunansu, ga hayaƙin taba daga mahaɗar tarago, ga warin taliyar da ake jiƙawa a kofi. In ka tashi zagayawa sai ka tsallake mutane kamar mai ƙetare kwata. A haka ta zo, ba mai yi mata tafinta, ba wanda za ta ce wa ga abin da ke cikinta. A komawar ma ba ta huta ba. Ta ba ni wajen taga, ta ɗora kaina a kafaɗarta, in na farka in ga tana jan carbi. Ta yi ta ba ni labaran Inna na dariya, yadda suka taɓa ɓata a Kwari suna neman juna alhali suna shago ɗaya, har na sami kaina ina murmushi ina jin kunyar murmushin.

Da hantsi muka isa Panyu. Tun daga matakala na ga takalma. Mazan Kano da na Maraɗi da na Yamai sun jeru a baranda suna karatu, wasu sun bar kwalayensu ba a naɗe ba, wasu ban ma san su ba, sun dai ji an ce 'yar Fagge ta yi rashi. A ciki mata sun cika ɗaki, an shimfiɗa zannuwa a ƙasa, an dafa abincin sadaka, an buɗe tagogi, ranar ba wanda ya damu da maƙwabta. Suka karɓe ni, wannan ta cire min mayafi, wannan ta miƙo ruwa, kowace da irin Hausarta tana min gaisuwa. Na ji kamar a tsakar gidanmu nake.

Hajiya ba ta shigo ba. Ta tsaya a bakin ƙofa sai da ta ga an zaunar da ni a tsakiya. Sannan ta zame ta zauna a ƙasa, ta fara kokawa da takalminta, ƙafafun sun kumbura har igiyar ta nutse a ciki. Wata ta taso za ta taimaka mata, ta ɗaga mata hannu.

"To, na kawo ta," ta ce. "Ku riƙe min ita. Ni ban yi nawa ba tukuna. Tun ran da anka hwaɗa min nake tsoron in fara, kada yarinyar ta gani a idona tun daga ƙofa."

Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta kira Inna da sunan da ita kaɗai ke kiranta da shi, sai kuka ya ƙwace mata. Duk tsawon hanyar nan ban tuna ko sau ɗaya ba cewa ita ma rashi ta yi, ƙawar da suka raba tabarma tun kafin in yi wayo. Na tashi daga cikin matan na je na zauna a bakin ƙofar, na zagaye ta da hannu, na ce, "Hajiya, ya haƙuri."